ZANGON KOMAWA A CIKIN KWAMFUTA: A SAN AMFANINSA, A SAN IYAKARSA

Daga Wakilinmu

A cikin 'yan makonnin nan na ga abubuwa biyu da idona waɗanda suka sa na ga ya wajaba in yi wa masu karatu bayani, musamman ma'aikatan gwamnati da ɗalibai, a kan wata dabara da ke kwance cikin kwamfutocin da yawancinmu muke aiki da su a gida. Kaɗan ne daga cikinmu suka san da zamanta, cikin waɗanda suka sani ɗin ma kaɗan ne suka fahimci inda ƙarfinta ya tsaya.

Abu na farko ya faru ne ga wani maƙwabcina, dattijo mai mutunci, babban akawu a wata ma'aikata, wanda 'yan watanni suka rage masa ya ajiye aiki. Ya sayo sabuwar firinta, ɗansa ya ɗora wa kwamfutar gidan manhajar da za ta sa na'urorin biyu su fahimci juna, aka kwana lafiya. Da gari ya waye aka kunna kwamfuta sai ta ƙi tashi, ta riƙa nuna shuɗin allo, tana mutuwa tana sake kunna kanta. Dattijon nan ya saɓa ta sai kasuwa wurin masu gyara. Yaron shagon ya ɗan latsa nan ya latsa can, sa'an nan ya ce, "Baba, wannan sai dai a yi mata fomatin." Shi kuwa da yake bai san ma'anar kalmar ba, ya ɗauka wani abu ne kamar juyen mai da ake yi wa mota, sai ya ce, "To ɗana, yi abin da ka ga ya dace." Kafin la'asar an miƙo masa kwamfutarsa tana aiki sumul, amma babu kome a cikinta. Wasiƙun shekara da shekaru, da lissafin kuɗin ƙungiyar unguwa wanda aka damƙa masa amana, da hotunan takardunsa na ɗaukar aiki da na ƙarin girma waɗanda ya jera domin neman fansho, duka sun tafi. Washegari na raka shi, na tambayi mai gyaran ko ya gwada mayar da na'urar baya kafin ya share ta. Ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, ai wannan ɓata lokaci ne, fomatin ya fi sauri."

Abu na biyu kuwa a cikin gidanmu ya faru, ga wata ƙanwata mai shekarar ƙarshe a jami'a. Ita ta san da wannan dabara, ta kunna ta, har takan yi wa ƙawayenta alfahari cewa kome ya sami kwamfutarta za ta iya mayar da ita yadda take jiya. Ran nan jakarta ta suɓuce daga kan babur, faifan ajiya na kwamfutar ya lalace, ba ya ko motsi. Ta zo mini tana hawaye tana cewa, "Yaya, ai na kunna abin nan, me ya sa ba zai dawo mini da aikina ba?" Babi huɗu na kundin bincikenta na kammala karatu suna cikin faifan nan, kuma ba ta da kwafe a ko'ina.

Shi dattijon rashin sani ne ya cuce shi, ita kuwa yarinyar sanin shanu ta yi wa abin. Ra'ayina shi ne dukkan hasarar nan biyu ana iya kauce musu, in da an san abin da wannan dabara take yi da abin da ba ta yi. Saboda haka bari mu bi ta daki-daki.

ASALIN ABIN

Kamfanin Microsoft, mai tsarin Windows wanda ke tafiyar da mafi yawan kwamfutocin gidajenmu da ofisoshinmu, ya sa wa dabarar suna System Restore. Aikinta shi ne ta riƙa ɗaukar hoton halin da tsarin kwamfuta yake ciki lokaci bayan lokaci, ba tare da mai ita ya ce a yi ba, domin in wani abu ya ɓaci daga baya a koma wa wancan hali. Kowane hoto irin wannan zan kira shi zango a cikin wannan bayani. Fataken da, masu zuwa Gwanja sayen goro, in suka ɓace hanya a daji ba Kano suke komawa su sake fara tafiya ba, zangon ƙarshe da suka kwana lafiya suke nema, daga nan su sake miƙa hanya. Fomatin shi ne komawa Kano bayan an zubar da kaya a daji.

An fara sa wannan dabara a Windows Me a shekarar 2000, sa'an nan ta bazu sosai tare da Windows XP wanda ya fito a 2001. A wancan zamani hanyarta ita ce ta tsare wasu irin fayiloli da aka lissafa mata, in za a taɓa ɗaya daga cikinsu sai ta yi maza ta kwafe shi ta ajiye. Da Windows Vista ya fito ga jama'a a 2007 sai aka sake mata gini, aka ɗora ta a kan wata hidima da ake kira Volume Shadow Copy, watau kwafen inuwa na faifai, wadda a kanta take tsaye har zuwa Windows 10 na 2015 da Windows 11 na 2021.

Dalilin ƙirƙiro ta kuwa sananne ne ga duk wanda ya daɗe da kwamfuta. Sau da yawa abin da ke kayar da na'ura ba ɓarawo ba ne, ba kuma ƙwayar cuta ba ce, gyara ne da aka yi da kyakkyawar niyya. Duniya ta ga misalin haka a ranar 19 ga Yuli 2024, sa'ad da kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka mai suna CrowdStrike ya aika wa abokan cinikinsa sabuntawa mai kuskure. Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 ne suka faɗi, jiragen sama suka kasa tashi, aikin bankuna da asibitoci ya tsaya a ƙasashe da dama. Waɗancan na'urorin manyan kamfanoni ne, amma ciwon da ya kama su ɗan'uwan wanda ya kama kwamfutar maƙwabcina ne, watau sabon abu ya shiga cikin tsari ya hana shi tashi.

ABIN DA ZANGO YA ƘUNSA

Abubuwa uku ne manya ake kiyayewa a cikin zango. Na farko shi ne rajista. Ma'aikacin gwamnati ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan, domin ya san abin da ofishin rajista yake ga ma'aikata: can ne aka san inda kowane fayil yake, da wanda ya karɓe shi, da inda za shi. Haka Windows yake da babban kundi da ake kira da wannan suna, inda aka rubuta kowace manhaja da ke cikin na'ura, da yadda aka saita ta, da abin da zai tashi in an kunna wuta. In rajista ta rikice, kome yana nan a wurinsa amma ba mai iya gano shi.

Na biyu su ne fayilolin tsarin kansa da na manhajojin da aka ɗora. Na uku kuwa su ne direbobi, watau ƙananan manhajoji masu aikin tafinta tsakanin Windows da kayan da aka jona masa, kamar firinta da na'urar sauti da allo. Direba yana aiki ne a can cikin ƙuryar tsari, shi ya sa in ya zo da kuskure yakan kayar da na'urar ɗungum, kamar yadda ya yi wa dattijon nan.

Yaushe ake kafa zango? Ana kafa shi gab da a yi wani babban canji: kafin a ɗora sabuntawar Windows, kafin a ɗora direba, da kafin a ɗora manhajar da aka rubuta ta bisa ƙa'idar neman zango. Akwai kuma na lokaci-lokaci. A zamanin XP da Vista kowace awa 24 ake kafa ɗaya. A Windows 7 na 2009 aka mayar da shi sai in an yi kwana 7 ba a kafa ko ɗaya ba. Daga Windows 8 na 2012 kuma aka ƙara wata ƙa'ida, cewa in manhaja ta nemi zango alhali an riga an kafa wani cikin awa 24 da suka wuce, sai a tsallake bukatarta. Ma'anar wannan ita ce wanda ya zauna ya ɗora manhajoji biyar a yini ɗaya yana iya tarar da zango ɗaya tak, na kafin ta farko. Amma mai kwamfuta yana da ikon kafa nasa da hannunsa duk sa'ad da ya ga dama.

DABARAR AKAWU

Mai karatu zai iya tambaya, yaya za a yi a kwafe dukkan tsarin kwamfuta cikin 'yan daƙiƙoƙi, kuma a ajiye kwafe da yawa ba tare da faifai ya cika ba? Amsar ita ce a lokacin kafa zango kusan ba a kwafe kome.

A ɗauka akwai wani akawu mai riƙe da babban littafin lissafi wanda ake rubutawa da fensir, ana gogewa ana sake rubutawa kullum. Shugabansa ya ce masa yana so a kowane lokaci a iya nuna masa yadda littafin yake a safiyar Litinin. Akawu marar dabara zai kwana yana kwafe littafin daga bango zuwa bango. Mai dabara kuwa sai ya sayi ɗan ƙaramin littafi, ya rubuta "Safiyar Litinin" a kansa, ya ajiye a gefe babu kome a ciki. Daga ranar, duk layin da zai goge a babban littafi, sai ya fara kwafe tsohon abin da ke layin a cikin ƙaramin, tare da lambar shafi da ta layi, kana ya goge ya rubuta sabo. In ya sake komawa kan layin nan ba sai ya sake kwafewa ba, tun da ya riga ya adana yadda yake ranar Litinin. Ranar da shugaba ya nemi littafin Litinin, sai a ɗauko babban littafi, a bi ƙaramin layi-layi a mayar da kowane tsohon rubutu a gurbinsa.

Haka kwafen inuwa yake aiki. Sa'ad da za a kafa zango, hidimar takan sanar da sassan tsari masu riƙe da muhimman bayanai, kamar rajista, su kammala abin da ke hannunsu su dakata. Sa'an nan a tsayar da rubutu a kan faifai na ɗan lokacin da bai wuce daƙiƙa 10 ba, a sa alama, a saki kowa ya ci gaba da aikinsa. Daga nan duk gutsuren faifan da za a canza, sai an fara kwashe tsohon abin da ke cikinsa an kai wata ɓoyayyiyar ma'ajiya mai suna System Volume Information, wadda ke kan faifan nan ɗin dai. Shi ya sa zango sabo ba ya cin wuri, sai a hankali yake ƙiba gwargwadon yawan canjin da aka yi bayansa.

A lura da abu guda a cikin wannan misali, domin shi ne ƙashin bayan maganar duka. Ƙaramin littafin akawu ba shi da amfani shi kaɗai. Ba cikakken lissafi ba ne, tsofaffin layuka ne kawai waɗanda sai an haɗa su da babban littafi suke ba da ma'ana. Ga shi kuma a kabad ɗaya ake ajiye su. In gobara ta ci kabad, ta ci su tare. Abin da ya sami ƙanwata ke nan.

Wurin da aka keɓe wa ma'ajiyar yana da iyaka. XP yakan ba ta har kashi 12 cikin 100 na faifai, Vista kashi 15, Windows 7 kuwa ya rage zuwa kashi 5 cikin 100 ko gigabait 10, duk wanda ya fi ƙanƙanta, a faifan da ya wuce gigabait 64. In wurin ya cika sai a zubar da zango mafi tsufa ba tare da an yi shawara da kowa ba. Akwai kuma iyakar kwanaki. A da kwana 90 ne, amma a watan Yuni na 2025 Microsoft ya ba da sanarwar cewa a Windows 11 samfurin 24H2 zango ba zai wuce kwana 60 ba. Wanda ya ga alamar ciwo a kwamfutarsa ya yi ta jinkiri, ranar da zai nemi zangon lafiya zai iya tarar an tashi.

RANAR KOMAWA

In kwamfuta tana tashi, sai a rubuta rstrui a wurin bincike na Windows a latsa, jerin zanguna zai fito, kowane da ranarsa da sa'arsa da dalilin kafa shi. Akwai maɓallin da zai nuna manhajojin da komawar za ta shafa, ya kamata a duba shi kafin a ci gaba. Duk manhajar da aka ɗora bayan zangon za ta fita, wadda aka cire bayansa kuma tana iya dawowa, ko da yake wani lokaci sai an sake ɗora ta kafin ta yi aiki daidai. Takardun da mutum ya rubuta da hotunansa da wasiƙunsa ba a taɓa su. Sai dai fayilolin ɗora manhaja da aka sauko da su bayan zangon suna iya ɓacewa, haka nan wanda ya canza kalmar sirrinsa kwanan nan ya tuna da tsohuwar, domin ana iya komawa kanta.

In kuwa kwamfuta ta ƙi tashi sam, kamar ta maƙwabcina, ba a rasa hanya ba. Windows in ya kasa tashi sau biyu a jere yakan buɗe wani ɗakin gyara nasa na musamman, kuma System Restore yana cikin abubuwan da ke wurin. A na'urar da aka kulle faifanta da BitLocker za a iya tambayar mabuɗin ceto mai lambobi 48, saboda haka wanda bai san inda nasa yake ba ya neme shi tun yau, ya rubuta a takarda ya adana. Aikin komawa yakan ɗauki mintuna, wani lokaci har ya kai awa ko fiye, kuma babban haɗari ne wuta ta yanke yana tsakiya. A ƙasarmu inda wutar lantarki ba ta yin sallama kafin ta tafi, kada a fara sai batir ya cika ko an tabbatar da janareta.

Wani kyakkyawan tanadi shi ne, in an yi komawar daga cikin Windows yana aiki yadda ya saba, yakan kafa sabon zango kafin ya fara, domin in ba a dace ba a warware. Amma in daga ɗakin gyara aka yi, babu wannan dama, sai dai a zaɓi wani zango dabam.

INDA ƘARFINSA YA ƘARE

Iyaka ta farko ita ce wadda ta fi ba ni takaici. A kwamfutoci da yawa masu Windows 10 da Windows 11 dabarar takan zo a kashe, sai mai na'ura ya kunna da kansa. A ganina wannan kuskure ne daga masu tsarin, domin wanda ya fi bukatar wannan kariya shi ne wanda bai san sunanta ba balle ya je ya kunna ta. Bugu da ƙari, in an ɗaga na'ura daga wani samfurin Windows zuwa wani, tsofaffin zanguna sukan tafi. Wannan ya shafi mutane da yawa a yanzu, tun da tallafin yau da kullum na Windows 10 ya ƙare a ranar 14 ga Oktoba 2025, jama'a kuma suna ta ƙaura zuwa Windows 11. Haka kuma duk wanda ya kashe dabarar, ko da na minti ɗaya ne, ya share zangunansa duka.

Ta biyu, zango ba ya dawo da takardar da mutum ya share da hannunsa, ko wadda ya rubuta wani abu a kanta bisa kuskure. An gina shi ne domin lafiyar na'ura, kuma da gangan aka hana shi taɓa takardu, don kada wanda ya koma zangon makon jiya ya rasa aikin da ya yi a wannan mako.

Ta uku, ba maganin ƙwayar cuta ba ne. In cuta ta riga ta shiga kafin a kafa zango, to, an yi kitso da ƙwarƙwata, komawa gare shi komawa ne ga cutar. Masu manhajar garkuwa da bayanai kuwa, watau waɗanda ke kulle wa mutum fayilolinsa su ce sai ya biya fansa, sun daɗe da sanin wannan ma'ajiya. WannaCry, wadda ta bazu a ƙasashe fiye da 150 a watan Mayu na 2017 har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila da dama, tana ɗauke da umurnin share kwafen inuwa, kuma ire-irenta da suka biyo baya haka suke yi.

Ta huɗu ita ce wadda muka riga muka gani: faifai ya mutu, ko a sace kwamfuta, ko ruwa ya ci ta, ko a yi mata fomatin. A duk waɗannan zango yana tafiya tare da abin da yake tsaro.

Masu wasu irin kwamfutoci ma kada su ce ba ruwansu. Kamfanin Apple yana da Time Machine tun 2007, wanda ke kwafe kome zuwa wani faifai na waje, kuma yakan ajiye hotuna na awa-awa a cikin na'urar kanta waɗanda ba su wuce awa 24. Masu Linux Mint suna da Timeshift, wanda shi ma bisa saitinsa na asali tsari yake karewa, ba takardun mutum ba. Ko'ina ƙa'idar ɗaya ce, abin da ke kan faifai ɗaya ƙaddararsa ɗaya.

Akwai masu cewa tun da iyakokinsa suna da yawa haka, kuma wani lokaci komawar kan ƙi yiwuwa, musamman in manhajar tsaro ta tare hanya, gara a kashe shi a huta, a sami wuri a faifai. Lalle gaskiya ne yakan ƙi wani lokaci, gaskiya ne kuma yana cin wuri. Amma a auna abin da ake biya da abin da ake samu. 'Yan gigabait kaɗan ne, waɗanda finafinai biyu ko uku za su cinye, a madadin yini guda na sake ɗora kome da kuɗin mai gyara da haɗarin rasa takardu. In an gwada ya ƙi, fomatin yana nan bai gudu ba. In kuwa an fara da fomatin, babu sauran abin gwadawa.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Ga mai kwamfuta, ba a fafe gora ranar tafiya. Yau ɗin nan ya rubuta "Create a restore point" a wurin bincike na Windows, ya duba ko kariyar tana kunne a faifan da tsarin yake, wanda galibi shi ne mai harafin C. In a kashe take ya kunna, ya ba ta kamar kashi 5 zuwa 10 cikin 100, ya kafa zango na farko da hannunsa. Wanda ya sayi kwamfuta ta hannu ya fara da wannan kafin kome. Daga nan ya mai da shi al'ada, duk sa'ad da zai ɗora wata manhaja ko ya jona sabuwar na'ura, ya kafa zango tukuna.

Takardu kuwa nasu tanadin dabam ne, kuma ba wanda zai yi wa mutum shi. A sami filasha ko faifan waje a riƙa kwafewa, a cire shi daga jikin kwamfuta in an gama, kada kuma a ajiye su a jaka ɗaya. Windows yana da File History tun daga 2012, wanda in an kunna shi yakan kwafe takardu zuwa faifan waje kowace awa. Ɗalibin da ba shi da kuɗin faifai ya riƙa aika wa kansa kundinsa ta imel duk daren da ya ƙara shafi. Ma'aikaci kuwa ya bi dokar ma'aikatarsa game da takardun sirri, kada garin neman tsira ya kai asirin gwamnati inda bai kamata ba.

Ga 'yan'uwanmu masu gyara, muna kira gare su da su ji tsoron Allah a kan amanar da ake kawo musu. Mutum ba ƙarfe da roba ya kawo ba, guminsa na shekaru ya kawo. Kada a share faifan kowa sai an gwada komawa zango, an kwashe masa takardunsa, an kuma gaya masa da Hausar da zai gane cewa fomatin yana nufin share kome. Ƙungiyoyinsu na kasuwa suna iya mai da wannan doka a tsakaninsu, kuma shagon da aka san shi da haka ba zai rasa ciniki ba.

Ga hukumomin makarantu da ma'aikatu, darasin kwamfuta da ake ba ɗalibai da kwasa-kwasan da ake tura ma'aikata bai kamata su tsaya ga buga wasiƙa da jera lissafi ba. Awa ɗaya ta isa a koya wa mutum bambancin zango da kwafen takardu, a sa shi ya yi kowanne da hannunsa. Malaman da ke duba kundin ɗalibai su ma suna iya tambayar kowane ɗalibi inda kwafensa na biyu yake, kamar yadda suke tambayarsa babi na gaba.

Maƙwabcina yanzu yana bin ofis-ofis yana neman a sake ba shi takardun da ya riga ya tara a da. Ƙanwata kuma ta tattaro tsofaffin shafukan da malaminta ya yi wa gyara da jan biro, tana sake bugawa daga farko, ga lokacin miƙa kundi ya matso. Da na sani ƙeya ce. Wanda ya karanta wannan bayani, in ya koma gida yau ya buɗe kwamfutarsa ya duba. Allah Ya kiyaye mu da hasara, Ya sa mu dace, amin.